Maganar Wayar Da Kamfaninta Ya Yaye Ta

Akwai wani aibi a cikin wata haja da ake ciniki kullum a Tudun Wada da Sabon Gari, wanda mai saye ba ya iya ganinsa ko da ya jujjuya hajar sau ɗari, mai sayarwa kuwa sau da yawa ba ya faɗinsa, wani don bai sani ba, wani don ya sani. Hajar nan ita ce babbar wayar hannu, wadda ake shafawa da yatsa. Aibin kuwa shi ne kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya yaye ta, ko kuwa yana gab da yaye ta, watau ya daina aiko mata da gyara.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa waya abu biyu ce a haɗe. Akwai gangar jiki, watau gilashi da batir da wurin caji, waɗanda kowane yaro mai gyara a PZ ya san yadda zai kwance su ya mayar. Sa'an nan akwai uwar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da kome a ciki, kamar Android ko iOS, kuma a kanta ne sauran manhajoji suke zaune, na banki da na saƙo da na karatu. Uwar manhajar nan rubutu ce mai tsawon gaske da 'yan Adam suka yi, kuma malamai sun fi kowa sanin cewa babu dogon rubutun da ya kuɓuta daga kuskuren alƙalami. Wanda ya taɓa muƙabalar littafi da asalinsa ya san yadda harafi ɗaya ke ɓacewa ya juya ma'ana, har sai wani mai ido ya zo ya gyara a gefen shafi. To, haka kamfani yake yi. In aka gano kuskure, sai ya rubuta gyaransa ya aiko wa wayoyi ta intanet. Tun 2015 Google yake fitar da irin wannan gyara na tsaro wata-wata, bayan da aka gano wata ɓaraka a cikin Android wadda ake iya shiga wayar mutum da ita ta hanyar aiko masa da saƙon bidiyo kaɗai.

Amma fa ba har abada ake aiko da gyaran ba. Kowace waya tana da wa'adi, in ya cika sai kamfani ya juya ga sababbi.

Wanda ya taso daga Tudun Wada ya nufi birni ta Ƙofar Doka yana ganin abin da ya rage na ganuwar Zazzau. Ba yaƙi ne ya rushe yawancinta ba. Ganuwar ƙasa ce, tana bukatar yaɓe bayan damina, da aka daina yi mata sai ruwa ya yi ta zaizayarta, mutane suka yi ta ɗiban ƙasarta, har ta zama akuya ma tana tsallakewa. Wayar da aka yaye tana cikin wannan hali, sai dai nata ya fi muni ta fuska ɗaya. Duk watan da kamfani ya fitar da gyara ga sababbin wayoyi, yana bayyana wa duniya inda ɓarakar take. Masu kutse suna karantawa kamar yadda masu gyara suke karantawa. Sabuwar waya ta sami yaɓenta, tsohuwa kuwa an nuna wa ɓarawo wurin da katangarta ta tsage, ba wanda zai zo ya toshe.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen Zariya, sai dai an saba ɗaukarsa ƙaddara. Akwai zamanin da BlackBerry ita ce wayar manya da ɗaliban Kongo da Samaru, mutum ba ya cika ɗan birni sai an tambaye shi lambar BBM ɗinsa. An rufe BBM na jama'a ran 31 ga Mayu 2019, sa'an nan ran 4 ga Janairu 2022 kamfanin ya kashe hidimomin da tsofaffin wayoyinsa suke dogara da su, har ya yi gargaɗi cewa ko kira da gajeren saƙo kada a amince za su riƙa tafiya daidai. Wayoyin Lumia masu manhajar Windows, Microsoft ya janye hannu daga gare su a ƙarshen 2019, WhatsApp ma ya bar su a daidai wannan lokaci. Ran 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android ɗin da bai kai na 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Yawancin wayoyin nan jikinsu garau yake ranar da aka bar su. Suna kamawa, suna caji, gilashinsu ko tsaga babu.

A da, in haka ta faru, asarar ba ta wuce ta zumunci da hotuna ba. Yanzu kuwa al'amarin ya sake. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin kuɗi, mai kanti da mai hatsi da mahauci duk suka koma karɓar kuɗi ta waya, ko sun so ko sun ƙi, kuma da yawansu ba su koma baya ba. Jarin mutum ɗungurungum yana cikin aljihunsa a bayan gilashi. Malami ma haka: karatun da ya naɗa na shekaru, da hotunan littattafan da ya gada, da lambobin iyayen almajiransa na Ikara da Soba da Giwa, duk suna nan ciki. Wanda ya ajiye irin wannan dukiya a wayar da rabonta da gyara shekara uku, ya zuba hatsinsa ne a rumbun da gara ta cinye ƙasansa.

To, mene ne abin yi ga wanda wayarsa ta riga ta shiga wannan hali, ba shi kuwa da kuɗin sabuwa? Gama ba kowa ne zai iya sake waya don wani kamfani a Sin ko Amurka ya ga dama ba, kuma masu cewa a jefar kawai a sayi wata ba su san farashin buhun masara ba.

Da farko ya san matsayinsa. A cikin saitin kowace waya mai Android, a wurin bayanin waya, akwai kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta samu. In ba ya karanta boko, ya sa ɗansa ko ɗalibinsa ya karanta masa. In kwanan ya wuce shekara guda, alama ce mai ƙarfi cewa an yaye ta. Sa'an nan ya sani yayen ba ya zuwa gaba ɗaya. Ko da kamfanin da ya ƙera waya ya yi shiru, manhajojin da ke kanta suna ci gaba da samun sabuntawa ta Play Store na wasu shekaru, kuma tun Android na 10, wanda ya fito a 2019, Google yana iya gyara wasu sassan uwar manhajar kai tsaye ba sai ya jira mai ƙira ba. Wannan rabin yaɓe ne, amma ya fi babu, kuma mutane da yawa suna hana kansu shi don tsumin data. Suna kashe sabuntawa don kada a cinye musu naira ɗari biyu, alhali dubu ɗari biyar na kwance a asusun da ke kan wayar. Rabin yaɓen nan ma yana da iyaka. A 2025 Chrome ya daina sabuntawa ga Android na 8 da na 9, haka kuma sauran manhajoji za su yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Inda hatsari ya fi yawa shi ne lokacin da wata manhaja ta ƙi aiki, mutum ya ɗauki wayarsa ya kai wa yara su yi mata dabara. Dabarar da aka fi yi ita ce a tura masa wata manhaja daga wata wayar, ko a sauko da ita daga wani shafi da ba a san mai shi ba, irin su GBWhatsApp da 'yan'uwanta. Waɗannan ba daga kamfanin WhatsApp suke ba, kamfanin ma yana rufe lambobin masu amfani da su. Ba wanda ya san hannun da ya taɓa su, ko abin da ya cusa a ciki. Malamin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya san isnadinsa, abin mamaki ne a ce ya bar manhajar da ba ta da isnadi ta zauna ɗaki ɗaya da asusunsa na banki, tana karanta duk saƙon da ya shigo, har da lambar da banki ke aikowa don tabbatar da ciniki.

Akwai wata hanya ta gaskiya wadda masana suke bi, ya kamata a ambace ta don kada a ce an ɓoye. Da yake asalin Android a buɗe yake ga kowa, wasu masu sa kai a ƙasashe dabam-dabam suna ɗaukarsa su gina sabuwar uwar manhaja don tsofaffin wayoyi. Mafi shahara ita ce LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, kuma ta raya wayoyi da yawa da kamfanoninsu suka bari. Sai dai ga mutumin Tudun Wada tana da ƙaya biyu. Ɗaya, wayoyin da take ɗauka galibi irin su Pixel ne da Motorola da Xiaomi da wasu Samsung, amma Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka cika hannun jama'a a nan, da wuya a same su a jerinta. Biyu, kafin a sa ta sai an buɗe makullin wayar na asali, wanda ke share duk abin da ke ciki, kuma manhajojin banki da yawa in suka ga an buɗe makullin nan sai su ƙi tashi. Ɗalibin kwamfuta a Samaru zai iya gwadawa a wayar da ba ya tsoron ta mutu. Mai shago a kasuwar Tudun Wada ba nasa ba ne.

Nasa shi ne ya raba kuɗi da tsohuwar waya. Ya cire manhajar banki daga kanta, ya koma ciniki da lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya mai tocila, ya sa wa layin lambar sirri don kada a sace shi a yashe asusun. Tsohuwar kuwa ba a yar da ita. Ta zama ta sauraron karatu da rediyo da ɗaukar hoto, aikin da za ta iya yi shekaru ba tare da ta cuci kowa ba. Abin da ke cikinta mai daraja a kwafe shi a katin ajiya ko a wata na'ura tun tana numfashi.

Amma duk wannan magani ne bayan ciwo ya kama. Asalin maganar tana wurin ciniki, kuma a nan ne ake bukatar malamai su sa baki. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana ɓoye aibin haja, an kuma ba mai saye zaɓi in ya gano aibin da aka rufe masa. Dillalin dabbobi ba ya da ikon sayar da tsohon doki da sunan ɗan shekara huɗu, shi ya sa mai saye yake buɗe bakin doki ya duba haƙora. To, waya tana da haƙoranta, su ne kwanan watan nan da ke cikin saiti, da shekarar da aka fara fitar da irinta. Wayoyin da ake kawowa daga Turai bayan an gama amfani da su, waɗanda ake yi wa kirari da na Landan, suna zuwa da ƙyalli kamar ba a taɓa su ba, alhali wasunsu masu su na fari sun sake su ne daidai lokacin da wa'adinsu ya ƙare. Sababbi masu araha ma ba su tsira ba. Akan sami waya fil a kwalinta wadda ta shekara biyu a kanti, wa'adinta yana ta ƙonewa tun ba a ɓare ledarta ba. Shin wannan aibi ne da ya wajaba a bayyana? Hukuncin na malamai ne, amma abin da ke rage amfanin haja da ƙimarta, wanda da mai saye ya sani da bai biya wannan kuɗi ba, da wuya a ba shi wani suna.

'Yan kasuwa za su ce su ma haka suka saro daga Farm Centre a Kano ko daga Ikeja, ba wanda ya faɗa musu. Wannan uzuri ne na jiya. Yau bayanin yana samuwa, domin kamfanonin da kansu sun fara tallar wa'adi. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024. Tarayyar Turai kuwa ba ta bar abin ga alherin kamfani ba: daga 20 ga Yuni 2025, wayar da za a fitar a kasuwarta sai an ba ta sabuntawar uwar manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da irinta, kayan gyaranta kuma su samu har shekara 7. Ashe ba abu ne da ya gagara ba. Inda hukuma ta tambaya an ba ta, inda ba a tambaya ba an yi shiru. Nijeriya tana da hukumar sadarwa ta NCC wadda ke tantance irin wayoyin da aka yarda a sayar, tana kuma da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Kasuwar da ta kai girman wannan tana da bakin da za ta ce a buga ranar yaye a jikin kwali, kamar yadda ake buga ranar lalacewa a jikin gwangwanin madara da kwalbar magani.

Kafin Abuja ta motsa, shugabannin masu sayar da waya na PZ da na Tudun Wada suna iya farawa da nasu. Rasit ɗin da ake rubuta wa mai saye yana ɗauke da sunan waya da lambarta da kuɗinta. Layi ɗaya za a ƙara a ƙasa, a boko ko a ajami: shekarar da wayar ta fito, da kwanan watan gyaranta na ƙarshe.