Tambaya da Amsa: Ko Mai Mota Ya Gwada Injinsa Kafin Ya Sayar?

Cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan mako akwai ta wani malami daga Gusau, wanda ya roƙa kada a buga sunansa. Ya ce yana da tsohuwar mota wadda ya shekara 7 yana hawa, yanzu kuwa bukata ta taso masa, yana so ya sayar. Ya yi niyyar kai ta gareji a gwada injin tukuna, sai wani abokinsa dillali ya hana shi, ya ce wai abin da mutum bai sani ba ba a kama shi da laifin ɓoye shi, saboda haka wanda ya kai motarsa gwaji ya haƙa wa kansa rami ne. Malamin yana tambaya, shin maganar nan tana bisa hanya?

To, Malam, ba ta bisa hanya, ko ta wajen shari'a ko ta wajen riba. Amma tun da dillalin ya fake da shari'a, bari mu fara bin sa can.

Duk wanda ya karanta babin ciniki cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halilu, ya san a mazhabar Malik mai saye yana da zaɓi in ya tarad da tsohon aibi a abin da ya saya: ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Zaɓin nan bai rataya ga sanin mai sayarwa ba. Ko ka sani ko ba ka sani ba, muddin aibin yana nan tun motar tana hannunka, to, tana iya komowa ƙofar gidanka, watakila ma bayan ka riga ka kashe kuɗin. Abin da sani ke ƙarawa shi ne, wanda ya sani ya ɓoye ya zama ma'algushi, hukuncinsa kuwa ya fi tsanani, har in kayan ya halaka saboda aibin da ya ɓoye shi ne da asara duka. Malamai sun ce kuma bai isa mutum ya dunƙule magana ya ce, "Ga ta nan, tsohuwa ce, kome na iya samunta," alhali ya san wurin ciwon ba. Sai ya ambaci aibin, ko ya nuna shi. Ashe ke nan rufe ido bai tserar da mai mota daga kome ba. Balle ma mutumin da ya shekara 7 yana hawan mota, wa zai yarda bai san tana shan baƙin mai ba? Ai shi ke sayen man.

Akwai wani hukunci da ya dace da 'yan cinikin mota kamar dominsu aka yi shi. Ya zo a hadisi ingantacce an hana mutum ya ɗaure hantsar raƙuma ko tunkiya, ya bar ta kwana da kwanaki ba tatsa, don mai saye ya ga hantsa ta cika ya zaci mai nono ce. Wanda aka yi wa haka yana da ikon ya mayar da dabbar, ya haɗa da sa'i guda na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Yanzu ku dubi abin da a kan yi wa inji ranar kasuwa. Injin da ya tsufa, ƙarafansa suka saki, ya kan yi ƙwanƙwasa yana hayaƙi. Sai a juye masa baƙin mai mafi kauri, a ƙara da wani magani mai yauƙi kamar zuma, ƙarar ta kwanta, hayaƙin ya ragu, har a gama ciniki. Bayan mako biyu ciwo ya komo. Mu kam ba mu ga bambanci tsakanin wannan da ɗaure hantsa ba. Zuba mai mai kauri ga tsohon inji ba laifi ba ne a kan kansa, makanikai da yawa su kan ba da shawararsa. Laifin yana wajen yin shiru.

Sai mu juya ga gwajin kansa, gama yawancinsa ba ya bukatar kome sai ido da kunne da haƙuri.

Farkon abu, a gwada inji da sassafe, ya kwana bai tashi ba. Inji mai zafi ya kan rufa wa kansa asiri, shi ya sa mai saye mai wayo ya kan fara ɗora tafin hannu bisa bonet kafin ya ce kome. Ka murɗa makulli rabi, kada ka tayar, ka dubi fitilun da ke gaban direba. Lalle fitilar mai da ta inji su kama. In ɗaya ba ta kama ba, ko ƙwanta ya mutu ko wani ya kashe ta da gangan. Sa'an nan ka tayar. Fitilar mai ta mutu nan da nan, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ta yi jinkiri, ko kuwa ta riƙa ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi yana tsaye, to, man ba ya hawa da ƙarfi, wannan kuwa babbar magana ce, daga nan ne inji kan buga.

Sa'an nan ka sa yaro ya taka totur, kai kuwa ka koma baya ka dubi bakin salansa, domin hayaƙi shaida ne wanda ba ya karɓar toshi. Shuɗin hayaƙi, baƙin mai ne ke ƙonewa. In ya fito da tashin farko kaɗai sa'an nan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe, gyaransu da sauƙi. In kuwa yana ƙaruwa duk sa'ad da aka taka, zargi ya koma kan zoben fistan, watau sai an sauke inji. Farin tururi kaɗan da sanyin safiya, musamman da hunturu, ba kome ba ne, raɓa ce ke fita. Amma fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto ne ya sami hanya ya shiga silinda, mafi yawa ta wajen gasket na kan inji. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sau da yawa ma ƙurar hunturu ce kawai ta toshe matatar iska.

A nan ne muke so Malam ya lura da ribarsa. Mai saye in ya ga baƙin hayaƙi ba zai ce matata ce ba, cewa zai yi inji ya mutu, ya zabge kuɗi kamar na sabon inji. Mai motar da bai gwada ba ba shi da bakin musu, sai ya yi ta rantsuwa, rantsuwa kuwa a kasuwar mota ta daɗe da yin araha. Wanda ya gwada kuwa ya riga ya sake matatar da kuɗi ƙalilan, hayaƙin ya tafi, ba kuwa algus ya yi ba, gyara ya yi.

Bayan hayaƙi sai baƙin mai da ruwa. Ka zaro sandar awon mai, ka buɗe murfin da a ke zuba shi. In ka ga abu fari-fari kamar kindirmo ya taru, ruwa ya gauraya da mai. Ka buɗe lagireto tun inji yana sanyi, ka tayar, ka zuba ido. Kumfa mai tasowa ba fasawa alama ce iskar silinda tana kutsawa cikin ruwa. Muna gargaɗi da babbar murya, kada kowa ya buɗe lagireto inji na da zafi. Ruwan yana cikin matsi, ya wuce zafin tafasa, ya kan yi tsalle ya sale fuska.

Gwajin da ya fi duka yanke gardama shi ne awon matsin silinda, wannan kam sai makaniki mai ma'auni. A bar inji ya ɗumama, a cire fulogi duka, a tsai da fetur da wuta, a taka totur har ƙasa, a ɗaura ma'aunin a ramin fulogi, a juya inji kamar sau biyar, a rubuta abin da allura ta nuna. Haka za a bi silinda ɗaya ɗaya. Lafiyayyen injin fetur ya kan nuna wajen laba 130 zuwa 180 bisa kowane murabba'in inci, gwargwadon ƙirarsa. Na gas ya kan ninka wannan, ma'auninsa ma dabam ne. Amma abin dubawa na ainihi shi ne daidaito. In uku sun nuna 160, ta huɗu ta tsaya a 110, ga mai ciwon nan. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari abin tuhuma ne. Sai a zuba baƙin mai cokali guda cikin silindar nan a sake awo. In allura ta hau sosai, zobe ne ya ci, gama man ya liƙe tsagar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, iskar ta sama take fita, ko bawul ko gasket. In kuwa silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Duk aikin nan bai fi sa'a guda ba, ga shi kuwa ya faɗa maka abin da ke cikin inji ba tare da an kwance shi ba.

Motocin zamani kuma suna da nasu bakin. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da a ke sayarwa a Amurka su zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'ura ta karanto abin da kwamfutar mota ta rubuta. Ƙasashen Turai suka bi a 2001 ga motocin fetur. Saboda haka yawancin 'yan Kwatano da ke yawo a titunanmu suna da ita. Lamba P0301, alal misali, tana nufin silinda ta ɗaya tana fashin wuta. Waɗansu su kan goge lambobin nan da safiyar ciniki don fitila ta mutu. To, su sani gogewar tana barin sawu: kwamfutar ta kan nuna gwaje-gwajenta na ciki ba su kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan tsawo, kafin nan kuwa in ciwon yana nan lambar ta komo. Makaniki mai ilmi da ya ga haka ya san an yi shara.

Kada kuma a gama ba a hau hanya ba. A yi tafiyar rabin sa'a, a hau tudu in akwai, a tsaya cikin cunkoso da rana tsaka, ana duban allurar zafi da ko fanka tana tashi a kan kari.

Abin da muke ba Malam shawara shi ne, ya sa makanikin ya rubuta masa sakamakon a takarda, da awon kowace silinda da kwanan wata. Ƙaramin aibi ya gyara. Babba kuwa, irin na zobe, ba lalle ne ya gyara ba, don sau da yawa kuɗin sauke inji ba ya komowa a farashi, kuma masu saye su kan tsorata da injin da aka buɗe jiya. Ya bar shi yadda yake, ya faɗa, ya rage abin da ya kamata. Ranar ciniki ya karanta takardar gaban shaidu biyu, mai saye ya sa hannu, kowa ya riƙe kofe. Aibin da aka ambata aka yarda da shi, ba a mayar da mota saboda shi.

Game da dillalin kuwa, Malam ya tuna la'adarsa tana fita ne ranar da aka ce "Na sallama." Ranar da mai saye ya jawo motar da igiya zuwa ƙofar gida, ko sammacin alkali ya iso, sunan mai mota ne a takarda.

Masu tambaya a kan giya mai canja kanta, wasiƙunku sun iso, su uku ne. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.