Igiya ko Maciji?

Shankara, malamin Hindu da ya rayu a Indiya wajen ƙarni na 8, ya kasa gaskiya hawa uku: ruɗun ido, kamar mai ganin igiya cikin duhu ya zaci maciji ne, rayuwar yau da gobe, sai haƙiƙa ɗaya tak. A majalisun Ƙofar Taramniya za a iya cewa ina ruwanmu. Ni ina ganin da ruwanmu, domin malaman Ƙadiriyyar Sakkwato sun daɗe suna bambanta ilmul yaƙini da ainul yaƙini da haƙƙul yaƙini: jin labarin wuta daban, ganinta daban, ƙuna daban. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu Danfodiyo, wanda ya zauna Salame ya rasu a 1864, ya zurfafa rubutu kan wujudi. Masu fargabar cewa wannan tunani na kai mutum ga sakin shari'a suna da hujja, tunda Shankara ya ɗauki ran mutum da asalin komai abu guda. Amma nan hanyoyin suka rabu: a wurin malamanmu bawa ba ya zama Ubangiji, kuma salla ba ta faɗuwa a kansa. Ya kamata Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fassara mana rubutun ɗan Tafa zuwa Hausa.