Wutar Da Muke Rufewa Da Salatif

A watannin baya wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kunnu a dashbod ɗin tsohuwar motata. Na kai wa bakanike, ya saurari inji, ya ce lafiyarsa ƙalau, sannan ya ba ni zaɓi biyu: ko rewaya ya cire ƙwan, ko kuwa a liƙe wurin da baƙin salatif. Da na ƙi, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai duk motocin Kwatano haka suke." Maganar tasa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa na ga ya kamata a tattauna batun a wannan shafi, domin abin ya wuce matsalar mota guda.

Da aka jona na'urar bincike a wani garejin, sai ta nuna lamba P0442, wadda ke nufin akwai 'yar kafa a tsarin da ke tsare tururin fetur. Da yawa daga cikinmu, har da masu digiri, ba mu san da wannan tsari ba. Fetur abu ne mai saurin zama tururi, musamman a irin zafinmu na watan Afrilu da ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri. Tun farkon shekarun 1970 hukumomin Amurka suka hana a riƙa sakin wannan tururi a iska, don haka aka ƙera wani gwangwani cike da gawayi na musamman wanda ke shanye shi ta hanyar tiyo daga tanki. Idan inji ya ɗau zafi mota tana tafiya, kwamfutar motar kan buɗe wani bawul, inji ya zuƙe tururin ya ƙona shi tare da sauran mai. Daga motocin 1996 kuma aka wajabta tsarin OBD-II, inda mota ke binciken kanta: a yawancin motoci takan toshe bawul ɗin shan iska, ta zuƙe iskar da ke cikin tanki, ta jira ta ga ko wata za ta kutso. Ramin da bai wuce faɗin milimita guda ba ya isa ya kunna wutar, a motocin baya-bayan nan ma rabin milimita ya isa.

To, irin waɗannan motoci ne suka cika titunanmu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, akasarinsu zuwa ƙasashe masu tasowa. Motar da ta shekara goma tana bin titunan da ake barbaɗa wa gishiri saboda ƙanƙara takan iso mana da tsatsa a wuyan tanki, mu kuma rana ta busar da robobinta, ƙurar hunturu ta toshe bawul ɗin shan iska.

Abin takaicin shi ne gyaran galibi ba ya da tsada. Murfin tanki ake fara dubawa, domin robar bakinsa kan tsage, wani lokacin ma ma'aikacin gidan mai ne bai murɗa shi har ya yi ƙara ba. Lambar P0455, wato babbar kafa, sau da yawa nan take tsayawa. Wanda ya toshe bakin tankinsa da tsumma ko leda kuwa, ba sai na ce komai ba. Daga nan sai tiyo-tiyon da ke ƙarƙashin mota, sai bawul biyun nan. Idan mota tana wuyar tashi da zarar an gama shan mai, a zargi bawul ɗin da ke kai tururi inji, wataƙila ya maƙale a buɗe. Idan kuma famfon gidan mai yana ta katsewa alhali tanki bai cika ba, to mafitar iska ce ta toshe. Kafar da ido ya kasa gani ana gano ta da injin hayaƙi, wanda ke tura farin hayaƙi a hankali cikin tsarin har a ga inda yake fita. Kada a yarda wani ya hura tankin da iskar falkanaiza, ƙarfinta zai yi ɓarna fiye da wadda aka zo gyarawa. Tawa dai tiyo ne ya tsage, kuɗinsa bai kai na lita biyar ba.

Akwai kuma laifinmu mu direbobi. Shekarun dogon layi sun koya mana girgiza mota da cewa a ƙara, a ƙara, har mai ya leƙo baki. Wannan ƙarin kan gangara cikin gwangwanin gawayi, wanda tururi kawai aka yi shi ya riƙe, ya jiƙe ya lalace, kuma shi kam yana da tsada.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarin gishiri ba: man da ke salwanta ta ƙaramar kafa ba shi zai talauta mutum ba, duk da cewa tun bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa Oktoban 2024 da lita ta haura Naira 1,000 a Abuja, kowa ya koyi lissafin ɗigo. Damuwata biyu ce. Tururin fetur yana ɗauke da sinadarin benzin wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa cutar dajin jini, kuma mu ne ke ajiye mota a gareji rufe da ke jikin ɗakin yara, kusa da janareta. Na biyu, wutar nan guda ɗaya ce tak ga ɗaruruwan matsaloli. Wanda ya kashe ta saboda murfin tanki, ranar da fulogi ya fara tsallake wuta yana dafa tukunyar tace hayaƙi, babu mai gaya masa sai aljihunsa.

Doka kam muna da ita. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motoci tun 2011, ECOWAS ma ta amince da nata mizanin a 2020. Amma sau nawa jami'in duba mota ya taɓa tambayar ɗayanmu wani abu da ya wuce takardu da abin kashe gobara? A ganina gwamnatocin jihohi su fara daga gareji: su haɗa kai da ƙungiyoyin bakanikai, kwalejojin fasaha su koyar da karanta na'urar bincike da Hausa, a samar da injin hayaƙi ko da guda ne a kowace babbar unguwar masu gyara. Bakaniken da ya ba ni shawarar salatif ba mugu ba ne, a kan Fijo 504 ya koyi aiki, kuma babu wanda ya sake koya masa komai tun daga lokacin.

Ga mai shirin sayen mota kuwa, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Dole wutar ta kunnu, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kunnu ba sam, wataƙila wani ya riga ya cire ƙwan.