Kada A Yi Gwanjon Tsofaffin Kyamarori

Tun da wayar hannu ta zama kyamarar kowa, mutane da yawa suka ɗauka cewa kyamarori masu fim sun zama tarkace. A ganina wannan kuskure ne babba.

Dalili kuwa shi ne, mafi ingancinsu da ƙarfe da sifirin suke aiki, kamar agogon wani. Leica M3 ta Jamus, wadda ta fito a 1954, ba ta da batir ko ɗaya. Pentax K1000 ta Japan, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, ma'aunin haskenta kaɗai ke cin batir. Ko ya mutu za ta ɗauki hoto. Ita kuwa Nikon FM2 ta 1982, labulen da ke buɗe wa haske hanya a cikinta yana iya ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa 4,000 na daƙiƙa, ba tare da lantarki ba. To, a gwada su da Canon AE-1 ta 1976, wadda da zarar batirinta ya mutu, aiki ya tsaya ke nan. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ba na musun cewa suna da nasu ciwon. Soson da ke hana haske kutsawa ta murfin baya yakan narke ya zama danƙo. Man cikinsu yakan bushe, labulen ya yi nawa, balle a ƙasarmu mai zafi da ƙurar hunturu. Fim ma ya yi tsada. Amma ciwon ƙarfe ana ganinsa da ido, a kwance, a wanke, a mayar. Na lantarki kuwa, in ya ƙone bayan kamfani ya daina yin kayan gyaransa, sai haƙuri.

Abin tsoro a nan shi ne, masu gyaran suna tsufa, magada kuwa sun yi ƙaranci.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun watsa labarai da su duba sito-sitonsu. In an sami irin waɗannan kyamarori, kada a yi gwanjonsu. A miƙa su ga makarantun koyon aikin jarida, a kuma koya wa samari gyaransu. Ɗalibin da ya san hoto 36 kacal ke cikin fim ɗinsa, dole ya auna haske, ya yi tunani, kafin ya danna. Da tsohuwar zuma ake magani.