Buɗin Wasa Shi Ne Rabin Nasara

A watan Maris na 2019, Tanitoluwa Adewumi, yaro ɗan Najeriya mai shekara 8, ya lashe gasar ces ta ƙananan 'yan firamare ta Jihar New York a Amurka ba tare da an doke shi ba. A lokacin, shi da iyayensa suna zaune a gidan marasa matsuguni, bayan sun bar ƙasar nan a 2017 saboda barazanar Boko Haram. A makaranta ya koyi wasan, shekara guda kacal kafin gasar.

A irin waɗannan gasa, yawancin wasannin sababbin shiga tun daga buɗi ake yanke musu hukunci. Akwai sanannen tarko na motsi huɗu: mai farare ya fito da sarauniya da wuri, ya auna gidan f7, wanda sarki kaɗai ke tsaronsa a farkon wasa. Yaron da ba a koya wa ba, nan take ya faɗi. Wanda aka koya wa kuwa sai ya tare hanyar, ya fito da dawakinsa yana korar sarauniyar, har dara ta ci gida. Bambancin yaran biyu malami ne.

Wannan darasi ya shafe mu a Jangeru, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda. Ba mu manta da rufe makarantun Zamfara a Satumbar 2021 ba, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun. Yara da dama sun rasa buɗin karatunsu, kuma har yau muna ganin gurbin a aji: gajen haƙuri da saurin amsa kafin tunani.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu su ware sa'a ɗaya a mako domin wasan tunani. Kwali da murafun kwalba sun isa a yi allo. Inda babu mai koyar da ces, a fara da dararmu ta gado mai gurabe 30, wadda ita ma tun daga jera 'ya'ya goma sha biyu ake gane gwani. Ga iyaye muna ba da tabbaci: babu caca, babu wasa a lokacin salla ko darasi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu fara a wannan zangon.