Daga Landiroba Zuwa Range Rover: Wace Mota Ce Za Ta Kai Mu Bagega?

Sana'ata koyar da ilimin harshe ce a jami'a, don haka mai karatu yana da damar tambaya: me ya haɗa kifi da kaska, har malamin harshe zai tsoma baki a zancen motocin ƙasaita na ƙasar Ingila? Amsar ita ce, ta ƙofar harshen na shigo. Na daɗe da lura cewa Bahaushe ba ya raɗa wa baƙon abu suna sai ya zauna da shi, ya ga amfaninsa. Mercedes ta zama Marsandi, Peugeot ta zama Fijo, Canter ta zama Kanta, Hiace ta zama Hayis. A cikin motocin Ingila kuwa, wadda na san ta sami wannan karramawa ita ce Land Rover, wadda iyayenmu suka kira Landiroba. Sun cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, sun mai da harafin “v” da ba mu da shi ya koma “b”, sunan ya zauna daram a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Rolls-Royce da Bentley da Jaguar da Aston Martin kuwa har yau baƙi ne a harshenmu, domin baƙi ne a rayuwarmu.

Na tashi a ƙasar Gummi tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. A ƙuruciyarmu, in aka hango ƙura daga nesa aka ji wani gurnani, an san Landiroba ce: ko masu allurar rigakafi, ko malaman gona, ko 'yan sanda. Dattawanmu kuma sukan ba da labarin yadda Di'o da ma'aikatan En'e suke rangadi da ita a zamanin Turawa. Kamfanin Rover ya fito da wannan mota a 1948 daga masana'antarsa ta Solihull, kuma saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi jikinta da alminiyum, wanda ba ya tsatsa. Manomi aka ƙera wa ita. Babu ado, babu taushin kujera, amma duk abin da ya lalace a jikinta bakaniken ƙauye zai kwance shi da sifana ya ɗaure, maƙeri ma yakan taimaka.

To, ina Landiroba ta shiga? A 1970 aka haifa mata ƙanwa mai suna Range Rover, wadda sannu a hankali ta bar gona ta koma ƙofar manyan otal-otal. Kamfanin kuma ya yi ta sauya iyayen gida: BMW na Jamus ya saye shi a 1994, Ford na Amurka ya karɓa a 2000, sannan a 2008 Tata na Indiya ya haɗa Land Rover da Jaguar ya saya a kan kimanin dala biliyan 2.3. Haka Bentley ta koma hannun Volkswagen a 1998, Rolls-Royce kuma tana ƙarƙashin BMW tun 2003. A watan Janairun 2016 aka daina ƙera tsohuwar Defender, wato magajiyar Landiroba ta asali. Sabuwar da aka fito da ita a 2019 a ƙasar Sulobakiya ake haɗa ta, kuma cike take da kwamfutoci. Sunan yana nan, amma wanda ake ƙera wa motar ya canza.

Mu mutanen yammacin Zamfara mun ga wannan sauyi da idonmu a cikin wani yanayi mai ban tausayi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake sarrafa zinare a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya kuma aka ga girman masifar a Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masu agaji suka shigo, fararen Land Cruiser na kamfanin Toyota muka riƙa gani suna ratsa laka da ƙoramu da damina, suna kai magani, suna ɗauko yara. Aikin da Landiroba ta yi wa iyayenmu, motar Japan ce ta yi wa 'ya'yanmu. Toyota ta fito da samfurin nan mai lamba 70 tun 1984, kuma ba ta yar da shi ba, domin ta san akwai masu bukatarsa a irin hanyoyinmu.

A nan ne zancen aminci ya shigo. Kalmar aminci da amana da amini duk tushensu ɗaya ne a Larabci, kuma ma'anar da ta haɗa su ita ce abin da za ka jingina da shi ka yi barci. Kamfanin bincike na J.D. Power a Amurka yakan tambayi masu motocin da suka shekara 3 a hannu yawan matsalolin da suka fuskanta. A rahotonsa na 2023, Lexus, wadda ita ce motar ƙasaita ta Toyota, ita ta zo ta ɗaya, Land Rover kuwa ta zo ta ƙarshe. Wannan fa a ƙasar da ke da kwalta lafiyayya da mai tsaftatacce da garejin kamfani a kowane babban gari. To, ina ga hanyar da ta tashi daga Mayanci ta bi Anka da Daki Takwas zuwa Gummi, balle a sauka daga kwalta?

A ganina amincin mota tamkar murhu yake, duwatsu uku ne ke riƙe da tukunyar: ita motar, da hanyar da za ta bi, da bakaniken da zai gyara ta. In ɗaya ya goce, tuwo ya zube. Wata shekara na rako wani abokina ɗaurin aure gida a cikin wata tsadaddiyar mota da ya shigo da ita daga waje. Ba zan ambaci ƙirarta ba, domin darasin ya fi sunan muhimmanci. Mota ce da ke tafiya a kan jakunkunan iska maimakon sifirin ƙarfe. Muna dab da Daki Takwas ɗaya ta fashe, motar ta durƙusa kamar raƙumi, allon gaban direba ya cika da rubutun gargaɗi. Bakaniken da aka ɗauko mana dattijo ne da ya ƙware a Fijo da Hayis. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce, “Alhaji, wannan ba ciwon sifana ba ne, sai mai kwamfuta.” Ga la'asar ta yi sanyi, kuma duk wanda ya san halin tsaron yankinmu a shekarun nan ya san abin da ake nufi da magariba ta riske ka a bakin hanya. A cikin wata tsohuwar Hayis muka ƙarasa, motar kuwa sai a bayan babbar mota aka kai ta Kaduna, ta yi makonni tana jiran kayan gyara daga ƙetare. A Landan lalacewar mota ɓacin rai ne na yini guda. A tsakanin Anka da Gummi tana iya zama sanadin rai.

Adalci ya wajaba, kada a ce na ƙi su ne don ba ni da kuɗin saye. Ta fuskar ƙira da kyan gani, samun na biyun Turawan Ingila sai an tona. Wanda ya taɓa zama cikin Bentley ya shafa fatar kujera da katakon da aka goge da hannu a masana'antar Crewe, ya san an yi aiki. Tsayuwar Range Rover ma akwai kwarjini, shi ya sa kamfanoni da dama ke kwaikwayon siffarta. Kuma ƙasaita tana da muhallinta. Rolls-Royce da aka san fadar Kano da ita ba a saye ta don ratsa fadama ba; matsayinta ɗaya da na dokin zage a hawan salla, a gani a yaba. Kuskuren shi ne a ɗaura wa dokin zage garma.

Ta fuskar kasuwa kuwa, waɗannan kamfanoni sun riga sun zaɓi hanyarsu: a sayar da kaɗan, a ci riba mai yawa. Rolls-Royce ta sayar da motoci 6,032 kacal a 2023, alhali Toyota tana sayar da fiye da miliyan 10 a shekara. Irin wannan ciniki yana da daɗi, amma ya dogara ne da aljihun attajiran Amurka da Sin da Turai da ƙasashen Larabawa, kuma iska kaɗan ke kaɗa shi. A watan Afrilun 2025, da Amurka ta ƙara harajin shigo da motoci, sai da kamfanin Jaguar Land Rover ya dakatar da tura motoci can na kusan wata guda. A watan Satumbar shekarar kuma masu kutse ta intanet suka tsayar da masana'antunsa cik fiye da wata ɗaya. Ita Jaguar tun a 2024 ta daina ƙera akasarin motocinta masu shan mai, ta ce za ta koma ta lantarki zalla. Hasashena shi ne, Rolls-Royce da Bentley da Range Rover za su rayu, domin duniya ba ta rasa masu neman abin da zai bambanta su da sauran jama'a. Sai dai kowane taki da suka yi zuwa lantarki da kwamfuta yana ƙara nisanta su da garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo.

Me ya shafe mu? Abin da ya shafe mu shi ne kuɗi, musamman na jama'a. A 2025 farashin sabuwar Range Rover a Ingila ya haura fam 100,000, kuma fam ɗaya ya kai kusan naira 2,000. Wato fiye da naira miliyan 200 ke nan kafin a biya kwastan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sai ya yi fiye da shekara 230 bai ci bai sha ba kafin ya tara wannan kuɗi. Wanda ya nemi halalinsa ya saya, babu mai tuhumarsa, illa dai a tuna masa cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma wanda ke riƙe da baitulmali hukuncinsa daban ne. A 2023, da aka yi ca a kan 'yan Majalisar Tarayya saboda sayen manyan jif-jif, hujjar da suka kafa ita ce hanyoyin Nijeriya sun lalace. Su ma ɗin Toyota suka zaɓa, wanda ya nuna sun san gaskiyar da nake faɗa. Abin takaicin shi ne, mutumin da aka zaɓa don ya gyara hanya ya ɗauki lalacewarta hujjar saya wa kansa motar da za ta raba shi da jin zafinta.

Shawarata ga gwamnatocin jihohinmu da ƙananan hukumomi da masarautu ita ce, kafin a sa hannu a takardar sayen kowace mota da kuɗin jama'a, a yi mata tambaya uku. Za ta iya zuwa Bagega a watan Agusta ta dawo? In ta lalace, akwai mai gyara ta a Gusau? Kayan gyaranta kwana nawa za su yi kafin su iso? Wadda ta kasa amsawa a bar wa masu ita, a saka rarar kuɗin a kwalbati da motar ɗaukar marasa lafiya. Ga 'yan'uwana 'yan boko kuma, likitoci da lauyoyi da malamai da manyan ma'aikata, mu rage auna darajar mutum da tambarin da ke goshin motarsa, domin wannan awo namu ne ke ingiza shugabanni.

Iyayenmu sun raɗa wa Landiroba suna ne saboda ta iso inda suke. Duk motar da ke son Bahaushe ya yi mata haka, hanyar Bagega tana nan tana jira. Allah Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.