ZAMAN GIDA: Kada A Kankare Rufin Tsohon Bututu

Damina ta ɗauke, an gama girbi, ga 'yan kuɗi a hannu. Yanzu ne magidanta sukan tuna da gyaran gida, dattawan ekklesiya kuma su tuna da gidan fasto da ke yoyo tun bara. To, kafin a kira birkila da mai gyaran famfo, bari mu yi magana a kan wani abu da ke ɓoye a tsofaffin gidaje.

Waɗansunmu suna zaune a gidajen da aka gada daga mishan, ko gwamnati, ko kamfanonin kuza. A waɗanda aka sa wa tukunyar ruwan zafi, musamman a wuraren sanyi kamar Jos, za ka ga bututun da ya fito daga tukunyar a lulluɓe da wani abu fari ko ruwan toka. Wani kamar filasta yake, wani kamar igiya, wani kuma an naɗe shi da ƙyalle an shafa fenti. An sa shi domin kada ruwan ya huce a hanya. Har zuwa shekarun 1970, sau da yawa da asbesto ake yin wannan rufi.

Asbesto dutse ne da ake haƙowa, amma idan aka farfasa shi sai ya zama zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, gara ba ta cinsa, ba ya ruɓa, ga araha, shi ya sa magina suka ƙaunace shi. An haƙa shi da yawa a Kanada, da Afirka ta Kudu, da Zimbabwe, da Rasha. Aibinsa shi ne ƙurarsa. Zaren yakan rarrabu har ido ba ya iya ganinsa, ya yi ta yawo a iskar ɗaki awa da awa. Wanda ya shaƙa ba ya jin komai a ranar, ba tari, ba ƙaiƙayi. Amma zaren ya zauna a huhu ke nan, jiki kuwa ba ya iya narkar da shi. Sai bayan shekara 20, ko 30, ko 40, ciwo ya fito: huhu ya ƙandare numfashi ya gagara, ko ciwon daji na huhu, ko na tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda da wuya a warke daga gare shi.

A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, J. C. Wagner, da abokan aikinsa suka ba da labarin mutum 33 masu wannan ciwon tantani. Waɗansunsu ba su taɓa aiki a ramin haƙa ba, kusa da shi kawai suka zauna. A 1965 bincike a London ya nuna har matan da suke wanke kayan aikin mazajensu suna kamuwa. Uwargida, wannan magana taki ce. Ingila ta hana amfani da kowane irin asbesto a 1999, Afirka ta Kudu kuma a 2008. Amma doka ba ta shiga gidaje ta ciro wanda aka riga aka sa.

Kada kowa ya firgita ya kwashe iyali a daren nan. Silin da kwanon asbesto da suka cika gidajenmu da makarantunmu an kwaɓa su da siminti ne, zaren yana ɗaure. Muddin ba a sa masu zarto ba, ba a huda ba, ba a goge ba, haɗarinsu kaɗan ne. Rufin bututu kuwa dabam yake, gama yana da laushi, da yatsa ma ana iya marmashe shi, asbeston da ke cikinsa kuma ya fi yawa. Shi ne mafi mugunta cikinsu duka.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Littafin Firistoci sura 14, inda aka yi maganar gidan da tabo ya fito a bangonsa. Maigida ba ya yanke hukunci da kansa. Yakan je ya faɗa wa firist, a fitar da kaya, a rufe gidan kwana 7, abin da aka cire kuma a kai bayan gari. Tsarin yana da kyau har yau, sai dai a nan kankarewar ce take jawo cuta.

Saboda haka, in ka ga irin wannan rufi, ka tsai da aiki. Ba mai iya ganewa da ido ko asbesto ne, ko da ya shekara 30 yana gyaran famfo, sai an duba a ɗakin bincike. Ka ɗauka shi ne har a tabbatar ba shi ba ne. In rufin lafiyayye ne, a bar shi. Sau da yawa ya fi sauƙi a ja sabon bututu ta wata hanya, a ƙyale tsohon a inda yake. In ya fara zubewa, a rufe ƙofa, a hana yara shiga, kada a kunna fanka, a nemi shawarar ma'aikatan kiwon lafiyar muhalli. Kada a sa tsintsiya. Abin da ya riga ya zuba a yayyafa masa ruwa a hankali, a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗaure duka a leda biyu masu kauri. Hankici ko takunkumin yadi ba ya tare wannan ƙura. Cire rufin kansa kuwa aikin waɗanda aka horar ne, masu kayan kariya.

Abin da ya fi damuna shi ne lebura. Abu ne mai sauƙi maigida ya ji wannan magana, ya fitar da nasa 'ya'yan, sa'an nan ya kira yaron maƙwabta ya ba shi guduma da kuɗin yini. Yaro mai shekara 18 yana da sauran shekaru isassu da ciwon zai same shi. Kwamitin gini na ekklesiya ma haka, ranar aikin gayya matasa ne suke hawa cikin silin. A faɗa masu gaskiya kafin su hau.

Ɓaraguzai kuma kada a zubar a juji inda yara suke wasa, kada a cike rami a tsakar gida da su, kada a ɗora tukunya a kan guntun kwano ko a yi wa kaji akurki da shi.

Wanda ya riga ya yi irin wannan aiki a baya, shaƙa ta rana ɗaya ba lalle ta kawo ciwo ba. Amma ya bar taba in yana sha, domin taba da asbesto in sun haɗu haɗarin ciwon daji yakan ninka ƙwarai. In kuma tari ko haki ya daɗe masa, ya je asibiti, ya faɗa wa likita irin aikin da ya yi da shekarar da ya yi shi.